Matakala Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na fake a cikinta tun gashina yana baƙi, uwar 'ya'yana kuma abokiyar faɗana,

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ambulan ba zai ɗauka ba sai an danna ta da gwiwa. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu da mijinta, da wannan jaririn da ya ƙwace mini mata tun bai iya riƙe wuyansa ba. Ki ce masa kakansa yana gaishe shi, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Sati biyu kika ce za ki yi. Yau wata biyar ke nan da kwana tara. Jiya 'yarmu ta kira ni, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta fito fili: sun gyara miki ɗakin da ke kusa da kicin, har labule sun saka, kuma kin ce zaman can ya fi miki, ba ki ga abin da za ki dawo ki yi a nan ba. Na ajiye wayar na daɗe a bakin gado ina kallon takalmanki na zaman gida. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da rubutu tun takardar ajiye aiki.

Ya ke ruwan farkon damina, ya ke iskar da ke shigowa ta taga bayan rana ta gama gasa mutum, yaya aka yi gidan da kika cika da motsinki shekara talatin da ɗaya ya zama wurin da ba ki da abin yi a cikinsa? Wa zai ce mini na cika gishiri? Wa zai ɓoye mini makullin mota don kada in fita ban karya ba? Gidan nan ya yi mini girma kamar rigar aro, kuma ina kewarki, kewa mai hana abinci wucewa.

Kin tuna masaukin nan mai koren ƙofa, na bayan tashar mota? Ina sabon direba a lokacin, ina kwaso 'yan yawon buɗe ido daga tsakiyar birni in kawo su unguwarmu ta bayan gari, su ga tafki, su ga lambun furanni, su kwana, in mayar da su. Ke kuma kina ɗakin baya kina gugar zanin gado. Ranar da ruwa ya yi mini duka na faɗo ɗakin neman mafaka, na tsaya ina ɗiga a kan zannuwan da kika ninke tun safe. Kika ɗaga dutsen guga kamar za ki goge ni tare da su, kika tambaye ni ko a garinmu ba a sallama. Sannan kika jefo mini tawul ba tare da kin dube ni ba. Wallahi tun ban gama goge kaina ba na san na gama yawo.

Bayan aurenmu, kullum na dawo da yamma sai kin tambaye ni ina na kai su yau. Ni kuwa baki ya samu abin yi. Na ba ki labarin tafki da kwale-kwalensa masu launin shuɗi, da agwagin da ke bin mutane kamar masu neman aure. Na ba ki labarin tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan tarihi, inda agogon bango ya tsaya a ƙarfe huɗu saura kwata. Amma wanda kika fi so shi ne dutse: matakala ɗari biyu da sha huɗu, sannan hasumiya a samansa, daga can birni duka ya shimfiɗu a gabanka kamar faranti. Kina jin wannan sai ki ajiye cokali, idonki ya tafi nesa.

Har kika haddace. Da kika buɗe shagonki a ƙofar gida, baƙi suka riƙa tsayawa sayen ruwan sanyi suna tambayarki hanya. Ke ce ke gaya musu su je tafki da safe kafin rana ta yi, su bar dutse sai la'asar. Masaukai kuwa ba wanda ya kai ki saninsu, don ta zanin gadonsu kika san su: wanda ke canja shimfiɗa kullum, wanda ke juya ta ya ce sabuwa ce, wanda sauronsa ya fi ma'aikatansa yawa. Ina zaune a benci ina jin ki, kaina yana ƙara girma.

Sai ranar da baƙuwar nan mai faffaɗar hula ta tsaya a shagonki. Ta gama sauraronki ta tambaye ki wanne kika fi so a cikin wuraren yawon buɗe idon duka. Kika ce, “Ban taɓa zuwa ko ɗaya ba.” Ni kuwa, gogan naki, na kwashe da dariya na ce ai kin fi ni saninsu. Matar ta yi dariya. Ke ba ki yi ba. Bayan sati ɗaya 'yarmu ta haihu, kika haɗa akwatin da ya fi ƙarfin sati biyu, na ga girmansa na yi kamar ban gani ba.

Na san abin da kika ɗauka: mutumin da ya kai dubban baƙi bai ga matarsa ta isa ya kai ta ba. Sau nawa kika ce yaushe zan kai ki, na ce bari damina ta wuce, bari yara su yi hutu, bari mota ta fito daga gareji? Kina da gaskiya ki yi fushi. Amma, abar ƙaunata, laifina ba shi ne wanda kike zato ba, kuma ban san ko ya fi shi sauƙi ba.

Ni ma ban taɓa hawa dutsen nan ba.

Direba ba ya barin mota. In na sauke su a bakin ƙofa, sai in koma wurin ajiye motoci in yi gadin jakunkuna da lemomi, in goge gilashi, in miƙe a kujerar baya. Tafkin, ta tsakanin ƙarafan shinge nake hango shi. Agogon da ya tsaya, wani dattijo ne ya ambace shi a hanyar komawa. Yawan matakalar a allon bakin ƙofa na karanta. Farantin ma ba nawa ba ne, wata malamar makaranta ce ta faɗa wa ɗalibanta, na tsinta ta madubin gaba na kawo miki gida da ɗuminsa. Ranar farko da kika tambaye ni, muna sabbin aure, kina kallona kamar wanda ya zaga duniya, kunya ta hana ni cewa a mota na wuni. Daga nan kuma ina hanyar komawa? In na kai ki, kwanar farko za ki ga mijinki yana tambayar hanya. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa dai sai da na yi shekara talatin da ɗaya ina tafiya a ciki kafin goshina ya bugi bango.

Ranar Talata na tafi can da ƙafa. Unguwar ta canja, sabbin otal-otal masu gilashi sun tsaya inda muke sayen itace, amma dutsen yana nan yadda na saba ganinsa daga ƙasa. Mai gadin ƙofar, wanda muka tsufa tare, ya gan ni ba mota ya tambaye ni ko yau ni ne baƙon. Na shiga. Na ɗora ƙafa a matakalar farko, na ɗaga kai, sai na ji ba zan iya ba. Ba gwiwa ce ta hana ni ba, ko da yake ta dama ta fara ba ni gargaɗi, likita ma ya ce in akwai hawan da nake son yi, kada in bari sai baɗi. Abin da ya hana ni shi ne, in na ga birnin nan ni kaɗai, na ci amanarki sau biyu. Na sauke ƙafata na zauna wurin mai gadi har aka rufe.

A hanyar dawowa na biya ta masaukinmu. Ƙofar har yanzu koriya ce. Ɗan tsohon manaja ne ke riƙe da wurin, ɗakin gugarki kuma injinan wanki ne a ciki suna ta gurnani. Na roƙe shi ya ajiye mana ɗaki mai lamba bakwai, na sama, wanda tagarsa ke kallon dutse, ranar Asabar ta farkon wata mai kamawa. Shekara huɗu kina goge zanin gadon ɗakin nan, ba ki taɓa kwanciya a kansa ba.

Ban ce ki dawo gaba ɗaya ba, bakina bai kai nan ba tukuna. Kwana ɗaya nake roƙo. Ki zo mu hau a hankali, muna hutawa duk matakala ashirin, muna zagin gwiwoyinmu. In mun sauko kika ce har yanzu ɗakin kusa da kicin ya fi miki, ni da kaina zan ɗaukar miki akwati zuwa tasha, ba zan ce uffan ba. In kuwa ba ki zo ba, dutsen nan ya ga ƙafata ta ƙarshe ranar Talata.

Abu ɗaya na roƙe ki: a matakalar ƙarshe ki wuce gaba. Ki riga ni leƙawa, sannan ki juyo ki gaya mini abin da ake gani daga can, don duk duniya bakinki kaɗai zan yarda da shi.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a sauke ni a tashar da ba a dawowa,

Direbanki.