Sinki Mai Rami Biyu

Saulawa, Ikara.

Zuwa ga Yaya Hajo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya Malam da mutanen Makarfi? Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai aikin masara.

Na ba Lado direba wannan takarda ne don abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba. Shi ya gaya mini wai ranar kasuwa za ki raka 'yarki Zariya, ku zaɓo sinki, kwanon wanke-wanken nan na ƙarfe da za a kafa mata a sabon kicin ɗinta na Kudan. A bakin direba na ji, Yaya.

Na san abin da za ki ce. 'Yar fari ce, ke kika ɗauke ta ranar yaye, ni ko sunanta ba na faɗa. Duk gaskiya ne. Amma kishi nake yi, kuma da ke nake yinsa. Ke ce ta kaya, ke ce ta shawara, ni in an haɗu a biki sai ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni kamar surukarta.

Tunda ba a tambaye ni ba, ga tawa. Kada ku biye wa ƙyalli. Ku ƙwanƙwasa shi, in ya yi ƙara kamar gwangwani ku bar musu kayansu. Ku ɗauki mai zurfi, wanda tukunyar tuwo za ta zauna a jiƙa ƙanzo, kuma mai rami biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya. Kada ki ce daga wurina ta fito, ki ce taki ce.

Ki gaida Malam.

Ƙanwarki,
Atika.

Saulawa, Ikara.

Yaya Hajo,

Ina gaisuwa, ya gajiyar Zariya?

Labari ya iso. An sayo mai rami biyu, kuma duk wanda ya leƙa kicin ɗin sai 'yarki ta ce dabarar Innarta ce ta Makarfi. Har matar liman ta tare ni a gidan suna tana yaba mini basirarki. Na ce ai Yaya ba daga nan ba, na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba.

Yaya, da girmanki, yaushe aka fara ɗaukar kawaici a matsayin umarni? Na ce kada ki faɗa ne don ki faɗa bayan idona, in ji daga baya in yi kamar ban so ba. Ke da ko cewa aka yi ki miƙo ludayi sai kin yi gardama, sai wannan karon kika zama mai biyayya. Allah ya ba ki lada.

Zan je walimar tarewar. Na ji ƙafa za ta hana ki zuwa, Allah ya sawwaƙe.

Ƙanwarki,
Atika.

Saulawa, Ikara.

Yaya Hajo,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na dawo daga Kudan jiya.

Da mata suka watse, kwanuka sun taru, sai na shige kicin don in gujewa zama ɗaki ɗaya da 'yarki. Ina cikin wanki sai ga ta ta tsaya a ramin ɗauraya. Da a tsakar gida ne, da robobi a gabanmu muna fuskantar juna, da tuni ɗayarmu ta tashi. To shi wannan abu bango ake kallo. Ina miƙa mata kwano tana karɓa, ba wadda ta ga idon wata, har muka kai kan tukwane.

A nan ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa, cewa kwanan nan warin sabulu yana tayar mata da zuciya, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Har ke. Sannan ta tambayi bangon ko in lokaci ya yi akwai ɗakin da za ta yi wankan jego a Saulawa.

Na san amsar da aka san uwa da ita: in ce ba ruwana, ta tafi Makarfi wurin uwarta. Maganar ta zo har bakina. Na tuna yadda kika yi da kawaicina na baya, na tuna ita ma tarbiyyarki ce, in na faɗa tafiya za ta yi. Sai na ce akwai ɗaki.

Na san zai yi miki zafi, don na san irinsa. Shekara da shekaru kin yi mini abin da ba zan iya biya ba, kuma ƙofa a buɗe take, ki zo mu yi tare. Amma a gidana za a yi. Ki yafe mini, Yaya, na riga na sa a fara faskaren itace.

Ki gaida Malam da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Atika.