"Na Ji Dai" Na Ce, Alhali Da Idona Na Gani

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna. Ku yi haƙuri da rubutun, hannuna ya fi sabawa da ajami, na waya lallaɓa shi nake yi.

Ni malama ce a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wadan Zariya, Larabci da addini nake koyarwa tun makarantar ba ta da katanga. Akwai wata yarinya, bari in kira ta Rabi. Ni na koya mata haɗa baƙi. Ta je jami'a a Kongo, nan cikin Zariya, ta yi digiri, ta dawo tana koyarwa tare da mu, ba a jima ba aka ba ta shugabancin sashen 'yan mata, kujerar da na daɗe ina sa wa rai. Wallahi ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, har ƙasa take gaishe ni. To amma ku gaya mini, yaya zan ji in yara suka wuce ni a guje suna kiran "Anti Rabi"? Yaya zan ji in iyayen da na koyar suka tsayar da ni don kawai in nuna musu ofishinta? In an yabe ta a taron malamai nakan ce masha Allah, amma kamar na haɗiyi ƙaya.

Wata rana bayan an tashi na koma ɗauko tabarauna, na bi ta gefen tagar mataimakin firinsifal. Sai na gan shi ya tare ƙofa, ya riƙe bakin hijabin Rabi, yana ce mata kujerar nan shi ya sa aka ba ta, kuma yana iya sa a karɓe, in tana da wayo ta same shi a wani masauki a Kwangila. Tana cewa, "Malam ka ji tsoron Allah, sake ni!" Ta fizge ta fita. Kun san abin da ya fara zuwa raina? Ba tausayi ba ne. Cewa na yi, ashe haka aka samu kujerar. Astagfirullah, alhali a gabana ta ƙi shi.

Rabi ta kai ƙorafi, aka kafa kwamiti, aka kawo wata barista. Aka kira duk wanda bai bar makaranta da wuri ba ranar. Baristar ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce Rabi ita ce mai ƙorafi, shi kuma wanda ake zargi, kuma zargi ba ya zama laifi sai da hujja. Ta ce akwai shaidar wanda ya halarci abu da kansa, akwai kuma ta wanda aka ba labari, ita ta biyun jita-jita ce, ba a yanke hukunci da ita. Na fahimce ta sarai. Da ma ban fahimta ba!

Da aka zo kaina ta ce, "Hajiya, kin gani ne, ko ji kika yi?"

Na ce, "Na ji dai."

Ta ɗago kai. "A bakin mutane?"

Na ce, "Ai maganar ta cika makaranta, Barista."

Kun gani? Ban furta ƙarya ko ɗaya ba. Na ji ɗin, kuma maganar ta cika makarantar. Haka na lallashi kaina har gida a cikin keke, ni da nake koya wa yara hukuncin mai ɓoye shaida.

Yanzu kwamiti ya ce hujja ba ta isa ba. Shi kuma mutumin ya juya ya kai nasa ƙorafin, wai Rabi ta ɓata masa suna. An dakatar da ita har a kammala bincike, kuma in ba wanda ya kawo ƙarin bayani a zama na gaba, korar ta za a yi, sunanta ya bi gari a matsayin mai ƙazafi. Firinsifal ya tsayar da ni ya ce, "Hajiya, sai ki fara shiri, sashen nan ba zai zauna ba kowa ba." Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Har atamfa na kai wa tela.

Shekaranjiya bayan la'asar sai ga Rabi a gidana, ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ba ta ruwa ba ta sha ba. Ta ce, "Malama, na zo neman addu'a ne."

Na ce, "Allah yana tare da mai gaskiya, 'yata."

Sai ta ce, "Ranar nan kamar na ga mayafinki ta taga. Da na faɗa wa Barista, ta tambaye ni ko a sake kiran ki, na ce a'a. Na ce in da Malamata ce, da ta faɗa tun farko. Ƙila idona ne."

Ta tashi ta sa takalminta ta tafi.

Jama'a, in na koma na faɗi gaskiya, kowa zai san abin da na yi, mutuncin da na tara ya zube, Rabi ta koma kujerarta, ni in ci gaba da nuna wa iyaye ofishinta. Kuma ko yanzu da nake rubutun nan, in na tuna hakan sai ƙirjina ya yi zafi. In na yi shiru, da wane baki zan sake ce mata 'yata?

Don girman Allah, me zan yi?