Wai Ni Ce Ba Ni Da Haɗin Gwiwa

Anti, ki taimaka min kafin ranar Litinin, don raina ya gama ɓaci. Ni ce shugabar sashen wanki a wani asibiti, shekara tara ke nan. Kullum 'yan ɗakin tiyata sai su cukuikuye zannuwa su turo mana, da allura da reza a ciki. Na yi magana har bakina ya gaji. Babbar nas ɗinsu, wata mai ji da kai wadda ko gaisuwa da ka take amsawa, sai ta ce ai haɗin gwiwa ne, mu riƙa tsincewa. Makon jiya allura ta soki ma'aikaciyata, uwar 'ya'ya huɗu, yanzu tana jiran sakamakon gwajin jini. Na rufe ƙofa, na ce ba zan ƙara karɓar ƙunshinsu ba. Aka rasa zanen aiki, aka ɗage tiyatar wani dattijo. Shi ne nas ɗin ta kai ni gaban kwamiti wai ba ni da haɗin gwiwa, ranar Litinin za a zauna, ana maganar sauke ni. Wallahi na tsani matar nan, na tsani kalmar ma. Mene ne ma'anarta, in ba manya su zubar mu kwashe ba?

Mai Wankin Da Ta Gaji

Ƙanwata, fushinki yana kan hanya. Haɗin gwiwa shi ne sassa biyu su kama aiki ɗaya, kowa ya san nasa kason kuma ya yi. Wanda ya tura wa wani nasa aikin ya kira shi da sunan nan, fakewa yake yi. Cire allura aikin wanda ya yi amfani da ita ne.

Amma ke ma kin yi wauta. Nas kika nufa, dattijo kika samu, shi da bai san kuna faɗa ba. Kuma shekara tara kina ƙorafi da baki, ko takarda ɗaya ba ki rubuta ba.

Ranar Litinin ki ajiye tsanar a gida. Ki fara ba da haƙuri kan dattijon, iyakarta ke nan. Sannan ki ajiye rahoton raunin ma'aikaciyarki a teburin, ki nemi a rubuta wanda zai duba ƙunshi kafin ya fito, kowa ya sa hannu. In nas ɗin ta ƙi sa hannu, kwamiti zai gane wace ce ba ta da haɗin gwiwa ba tare da kin buɗe baki ba.

Allah Ya ba ma'aikaciyar taki lafiya, Ya bar miki kujerarki.