Jemar Bakin Kududdufi

Ƙofar Na'isa, Litinin

Kawu Mailafiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ya jikin jikarka Ikram?

Kawu, mutane da yawa sun ɗauka duk ciyawar da ke bakin ruwa ƙazanta ce. Ni ma haka na taso ina ji. An ce ka ba da umarni, a matsayinka na mai unguwa, a sare jemar da ni da ɗalibaina muka dasa a bakin kududdufin bayan gidanka ranar Asabar ta tsaftar muhalli. Don Allah ka dakata. Ruwan lambatu yana kwaso baƙin mai da shara, jemar ce ke tare su kafin su shiga kududdufi. Damina biyu muna rainonta.

'Yarka,
Halima

Sheshe, Laraba

Halima,

Wa alaikumus salam. Jikata kwananta huɗu a asibiti da zazzaɓi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce sauron ciyawar Malama ne, kuma don ke 'yar ƙanwata ce na kau da kai. A ƙofar masallaci Ɗalha mai shayi ya faɗa mini haka, gaban jama'a. Na riga na yi magana, an wasa adduna. Ki riƙe karatunki a aji.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

Ƙofar Na'isa, Alhamis

Kawu,

Bayan gaisuwa, na je asibiti. Uwar Ikram ta nuna mini takardar gwaji: taifot ce, daga ruwan sha. Rijiyarku tana gefen gabas na kududdufin, inda ka hana mu dasa komai don a nan ake shanya. Ban faɗa wa kowa ba.

Hadari na haɗuwa. In an yi ruwa, ka ɗebi kwalba ɗaya daga gabas, ɗaya daga bayan jemar, ka ɗaga su a rana. Da hannunka, Kawu, kada ka aiki kowa.

Na bar ka lafiya.
Halima

Sheshe, Asabar

Halima,

An yi ruwa jiya. Na ɗiba, ruwan gabas baƙi ƙirin, na bayan jemar kuwa garau. Na rufe rijiyar.

Da safe na makara wajen Ikram, kafin in iso sun sare kusan rabi. Na tsaya a gaban sauran jemar, na ajiye kwalaben biyu a kan teburin Ɗalha, na ce ya zaɓi wadda zai dafa shayi da ita. Har yanzu kwalaben suna can. Wanda bai yarda ba, na ce ga kududdufi, ya kawo kwalbarsa ya ɗiba da kansa.

Saiwar tana nan. Za ta sake tohowa?

Kawunki