Ranar da Auta ta yi gudu tsakanin layi biyu

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ka taɓa tambayar ta ba. Telan bakin layinmu ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Har yanzu ban huce ba da ka zuga Auta ta nemi aikin kashe gobara ba ka shawarce ni ba, ni da na haife ta. Na ce mata in ta faɗi gwajin ƙarfi, maganar ta mutu ke nan. Shi ya sa ranar na bi ta, don in dawo da ita gida da kaina.

Fili ne na siminti, an ja layi biyu, wai mita ashirin tsakaninsu, ga wata na'ura kamar rediyo a kan kujera. In ta yi ƙara sai a ruga zuwa wancan layin, a taka shi kafin ta sake yi, a juyo. Wanda ya makara sau biyu a jere an cire shi. Jami'in ya ce numfashi da zuciya suke aunawa, ba saurin ƙafa ba, amma ni na ɗauka tsere ne. Da na ga samari sun fizga, Auta tana baya kamar wadda aka aika ba ta so, sai ga ni na riƙe shinge ina daka mata tsawa kada ta kunyata ni. Ko kallo ban ishe ta ba.

Ƙanena, ashe na'urar nan ba ta da imani. Kowane minti sai ta ƙara matse lokaci, shi suke kira mataki, kuma na takwas ake nema. Ƙatti masu ƙirji kamar ƙofa suka fara zubewa, wannan ya dafa gwiwa, wancan ya kwanta. Yarinyar nan kuwa ƙafarta na sauka a layi daidai da ƙarar, ba gaba ba baya. Ta wuce takwas, ta kai goma, saura su uku a filin. Ban san lokacin da hulata ta faɗi ba. Ikon Allah, duk wannan numfashi a ƙirjin da nake ɗauka a hannu ɗaya tana jaririya!

A hanyar gida na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ni ne. Wai tun tana ƙarama take kallon yadda nake tura kurar ruwa a hawan bayan kasuwa, ba na farawa da gudu, ina ajiye ƙarfina saboda can sama. Shekara arba'in ina tura kura, ba wanda ya taɓa cewa akwai abin koyo a ciki, har kai da ka yi boko. Da ta ga ina share ido, na ce mata wani abu ne ya faɗa mini a ciki.

Za ta fara aiki Litinin, na sa mata albarka. Ban ce ka yi daidai ba, ka dai yi sa'a.

Ka gaishe mini da uwar gidanka, da 'yan biyu, da maƙwabcinka Dogo. Auta da mahaifiyarta na gaishe ku. In ka zo zan kai ka filin nan, in ga mataki nawa bokonka zai kai.

Ni ne yayanka, ko ka so ko ka ƙi.