Finafinan Yanzu Sun Raba Ni da Autata

'Yata mai wannan fili,

Ki taimake ni da shawara, abin ya ishe ni. Ranar Lahadi tara ga Maris ce rana ta ƙarshe da autata ta zauna kallo da ni, kuma finafinan yanzu na ɗora wa laifi, don na daɗe ina cike da su.

Ni tsohon malamin adabi ne. Na yi karatu iya yadda ake yi a zamaninmu, ko da yake takardun suna akwati, kyankyasai kaɗai ke duba su. Ni da marigayiya matata mun san fim tun ana zuwa silima, kafin a mai da tamu wurin ajiye katifu. A da, jarumi zai yi shiru, kyamara ta tsaya a fuskarsa, ka ji jikinka ya mutu. Yanzu sai ƙara da wuta, mota ta tashi sama ta diro ba ko ƙwarzane. A kashe mugu yau, a kashi na biyu ya dawo har ya yi ƙiba. Ban hana su nasu ba: hoto garau, sauti tangaran, wasu yaran ma sun iya wasa. Amma labarin ba ƙashi.

Bayan rasuwar uwarta, auta takan zo duk Lahadi da yamma da 'yarta, su kawo fim mu kalla a falo. Ni ke riƙe rimot. In na ga kuskure sai in tsayar in yi bayani, don kada su haɗiyi shirme. Har jikar ta raɗa mini suna Tsaya-Tukuna, wai ta fasa aurena sai na saki rimot.

A ranar, sun kawo fim ɗin wani direban babbar mota da matarsa ke jinya. Da aka zo wurin asibiti sai aka saki kiɗa mai taushi. Na tsayar, na ce wannan damfara ce, mai fim ya kasa sa mu kuka da labari shi ne ya ɗauko makaɗa. Na ce ba haka ake mutuwa ba, ni na gani da idona. Auta ta miƙe. Ta naɗe cajar wayarta, ta ce yarinya tana da aikin makaranta.

Har yau tana aiko da abinci, tana bugo waya ta tambayi hawan jinina. Amma ba ta zuwa. Fim ɗin ma ban san yadda ya ƙare ba. Kujerunsu na nan, rimot na hannuna, ba wanda zan tsayar wa.

Tsohon Malami

Baba Malam,

Allah ya jiƙan Mama. Kan finafinai ba zan yi musu da kai ba, da yawansu hayaniya ce da maimaici, kuma idon da ya saba da mai kyau dole ya gaji. Sai dai a cikinsu akwai masu taɓa zuciya, ko da kiɗan ya yi yawa.

Baba, wa ya zaɓo fim ɗin nan? Mutuwar da ka gani, ita ma ta gani, uwarta ce. Ina jin ta kawo shi ne don ku yi kukan da ba ku yi tare ba, sai ka tsayar da shi a daidai wurin. Na kuma fahimce ka: wataƙila sukar kiɗan ta fi maka sauƙi a kan kallon gadon asibitin.

Ka nemi fim ɗin, ka kalle shi kai kaɗai har ƙarshe, rimot yana can kan tebur. Sannan ka kira ta, kada ka jira kiranta. Ka faɗa mata abu ɗaya da ya burge ka, ka ce wurin asibitin ya tuna maka da mahaifiyarta. In sun dawo, ka damƙa wa amaryarka rimot, ka ajiye gyaranka sai an gama, ana shan shayi. Wata Lahadin kai ma ka kawo naka na da, ka bar su su soke shi son ransu.

Wadda ke tambayar hawan jininka ba ta yi nisa ba. Allah ya ƙara lafiya, ya cika maka falo ranar Lahadi.