Duwatsun Lesoto da Ƙamshin Warangi

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya a duk inda kake. Tunda ba ka ba ni adireshi ba, na miƙa wannan wasiƙa ga mujalla, ko Allah zai sa ta faɗa hannunka.

Wasiƙarka ta uku ta iso. Ka ce Lesoto, inda ka samu aikin koyarwa, 'yar ƙaramar ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye, duk duwatsu, babu gaɓar teku. Ka ce kogunanta daga ƙwanƙolin tsauni suke gangarowa a guje, kwalekwale ba ya iya hawansu. Na karanta wa Inna har sau biyu. Na riƙa ganinka bisa ɗan doki, lulluɓe da bargo, kamar jaruman littattafaina.

Ranar Laraba ina kakkaɓe akwatinka, sai ga tsohon littafinka na labarin ƙasa. An yage shafin Lesoto. Na aro na maƙwabta, na tarar da maganarka a ciki, layi bayan layi.

Ka ce ƙanƙara ta rufe tsaunuka a Janairu. Littafin ya ce lokacin bazararsu ke nan, sanyinsu sai Yuli. Mu ne muke jin sanyi a Janairu, Malam.

Can ƙasan takarda kuma ka ce baƙin ruwa ya iso, kifi ya yi araha. Wane kogi ne yake cika da baƙin ruwa bayan damina in ba Kwara ba? Ambulan ba kan sarki, direban jirgin ruwan garin Wara ne ya kawo ta, da na buɗe kuwa sai ƙamshin busasshen kifin warangi.

Na tuna ranar da ka tafi, yadda rabin Yelwa ta rako ka tasha. Ka sha cewa namiji ba ya dawowa hannu rabbana. In aikin ne bai samu ba, kunya ta tsare ka a wani tungan masunta, to ni ban auri Lesoto ba. Ban faɗa wa Inna ba, ba kuma zan faɗa ba.

Ungozoma ta ce saura wata guda. Wa zai yi wa ɗanka huɗuba?

Allah Ya tsare ka, Ya sassauta maka zuciya, Ya sa tsakaninmu ruwa ne kawai ba duwatsu ba. Jirgin Wara yana tasowa kowace ranar kasuwa. Kada ka zo da tsaraba.

Matarka mai jira,
Hajara